Muhawara: Ana iya sanin ko ƙullutun tafin hannu zai kai ga naɗe yatsa?

Baban Khadija:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman bayani daga masana da kuma waɗanda abin ya taɓa shafa, domin al'amarin ya tsaya mini a rai. Shekarata 46, kuma wata 14 ke nan da na fara jin wani ɗan ƙullutu mai tauri a tafin hannuna na dama, daidai ƙasan yatsan zobe, a kan layin da ya ratsa tafin. Da farko na ɗauka kanta ce, sai daga baya na lura cewa ba a saman fata yake ba, kuma idan na miƙe yatsuna sosai fatar gefensa tana lotsawa ciki kamar an ja ta da zare daga ƙasa. Ba ya yi mini ciwo sai idan na damƙi abu da ƙarfi. Likitan da ya duba ni ya ce cutar Dupuytren ce a matakinta na farko, ya sa na shimfiɗa hannuna a kan tebur, ya ga ya kwanta sarai, sai ya ce in tafi in dawo ranar da hannun ya ƙi kwanciya.

Abin da ya hana ni natsuwa shi ne mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasu da yatsu biyu a naɗe a hannunsa na hagu. Na sha ganinsa yana fama kafin ya sa hannu a aljihu, domin ƙaramin yatsan kan maƙale a bakin aljihun, kuma idan zai wanke fuska sai ya kawar da hannun gefe don kada yatsan ya tsone masa ido. Tambayata ita ce, akwai wata hanya da za a bi a san ko nawa zai kai haka, kuma cikin shekara nawa? Idan kuma an san inda cutar ta dosa, me ya sa za a ce in zauna in jira ta?

Likitar Hannu:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma jiƙan Baba. Zan fara da abin da ke faruwa a cikin hannun, domin duk maganar hasashe a kansa ta dogara. A ƙarƙashin fatar tafin hannu akwai wani tantani mai ƙarfi da ya bazu daga wuyan hannu zuwa gindin yatsu, wanda ke riƙe fata don kada ta riƙa zamewa idan an damƙi abu. A wannan cuta wasu ƙwayoyin halitta na tantanin kan yawaita su taru wuri guda, su ne ƙullutun da kake ji. Tun 1972 binciken Gabbiani da Majno ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi suna da ikon tsukewa irin na tsoka, wato dangin waɗanda ke jan bakin rauni ya haɗe lokacin warkewa ne. Suna ja suna kuma zuba sinadarin kolajin, wato zaren da jiki ke gina tabo da shi, har ƙullutun ya rikiɗe ya zama igiya da ta miƙe zuwa yatsa, kuma idan igiyar ta gajarce sai ta jawo yatsan zuwa tafi kamar yadda tsirkiya ke lanƙwasa baka. Jijiyar da ke motsa yatsan kuwa lafiyarta ƙalau, kuma wannan ne abin da likitan Faransa Guillaume Dupuytren ya nuna a 1831, a lokacin da likitoci da yawa ke ɗora laifin a kan jijiyar.

Tambayarka a gaskiya tambaya biyu ce da mutane kan haɗa su wuri guda. Ta farko, shin ƙullutun da ba a taɓa ba zai ci gaba har ya naɗe yatsa? Ta biyu, idan an yi wa yatsan aiki ya miƙe, shin naɗin zai dawo? Amsoshinsu daban ne, kuma mafi yawan alƙaluman da za ka ci karo da su a intanet na tambaya ta biyu ne, alhali kai ta farko ce ta dame ka.

Ɗalibin Likitanci:

Ranki ya daɗe, ina neman izini in sa baki, domin ba da daɗewa ba muka karanta wannan babi. Likitan Ostiraliya John Hueston ya bayyana a 1963 cewa akwai mutanen da jikinsu ke da shiri na musamman ga wannan cuta, ya kuma ba da alamominsu: cutar ta kama hannu biyu, akwai ta a dangi, ta fara da wuri, sannan ta ɓulla a wasu wurare ban da tafin hannu. A 2006 Hindocha da abokan aikinsa a Ingila sun sake tace jerin ya zama abu biyar, wato kasancewa namiji, farawa kafin shekara 50, kama hannu biyu, samun cutar ga iyaye ko 'yan'uwa na jini, da kuma kaurin fata a bayan gaɓoɓin yatsu. Sun ce haɗarin ya kai kashi 71 cikin 100 ga wanda ya haɗa dukkansu, alhali kashi 23 ne ga wanda ba shi da ko ɗaya. To, Baban Khadija namiji ne, bai kai 50 ba, kuma mahaifinsa ya yi ta, ke nan ya riga ya haɗa uku cikin biyar. A ganina wanda ke cikin wannan hali bai kamata a sallame shi da cewa ya dawo ranar da hannu ya ƙi kwanciya ba.

Likitar Hannu:

Ka kawo abin da ke cikin littafi daidai, ƙanena, amma ka ɗora shi a inda ba muhallinsa ba, kuma wannan kuskure ne da ya kamata mu tsaya a kansa, domin shi ne ke tayar wa marasa lafiya hankali. Kashi 71 da kashi 23 ɗin nan na dawowar cuta ne bayan tiyata. Duk mutanen da aka ƙirga a wannan bincike yatsunsu sun riga sun naɗe har an yi musu aiki, wato an tsamo su ne daga cikin waɗanda cutarsu ta fi tsanani. Wanda ƙullutunsa ya zauna shiru shekara 20 bai taɓa zuwa ɗakin tiyata ba, saboda haka babu shi a cikin lissafin. Idan ka ɗauki alƙaluman ɗakin tiyata ka auna mutumin da hannunsa ke kwanciya a tebur da su, dole ne ka ga haɗari fiye da yadda yake.

Don amsa tambaya ta farko sai a koma ga binciken da ya bi mutane tun cutar tana ƙarama. A Aisilan an bi maza 75 masu ƙullutu ko igiya ba tare da naɗi ba, kuma bayan shekara 18 kimanin kashi 35 cikin 100 ne yatsunsu suka naɗe ko aka yi musu aiki, kamar yadda aka wallafa a 2001. A Amurka, Reilly da wasu masu bincike sun waiwayi mutum 59 masu ƙullutu bayan kusan shekara tara, suka tarar kimanin rabinsu sun yi igiya, amma waɗanda suka kai ga naɗi ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma akwai waɗanda ƙullutun nasu ya ja baya da kansa. A Holan, masu bincike na Groningen sun sake duba mutanen gari bayan shekara bakwai, suka ga cutar ta ci gaba ga kimanin ɗaya cikin biyar na masu ita. Abin da waɗannan suka haɗu a kai shi ne, mafi yawan masu ƙullutu ba sa kaiwa ga naɗin da ke buƙatar aiki, ko da an bi su shekaru masu yawa.

Ban ce alamomin Hueston ba su da amfani ga Malam ba. Suna gaya mini cewa yana cikin rukunin da ya kamata a fi sa wa ido, kuma idan wata rana aka yi masa aiki zan faɗa masa tun kafin a fara cewa yiwuwar dawowar cutar ta fi ta wanda ta fara masa yana ɗan shekara 70. Abin da ba za su iya ba shi ne su faɗi shekarar da wannan yatsa zai lanƙwashe, ko ma su tabbatar cewa zai lanƙwashe.

Dattijo Mai Ritaya:

Sannunku da ƙoƙari, yarana. Bari in ba ku abin da na gani a jikina, domin ina ganin ya yi daidai da maganar Likita. Shekarata 68. Ƙullutun farko ya fito mini a hannun hagu, kuma yau shekara 11 yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba, har nakan manta da shi. Na hannun dama ya zo bayansa da shekara huɗu, kuma da yake na hagun bai yi mini kome ba, sai na ɗauka shi ma haka zai zauna. Cikin shekara biyu ƙaramin yatsana ya lanƙwashe a gaɓar tsakiya, ban kuma farga da nisan da ya yi ba sai ranar da safar hannu ta ƙi shiga. Mutum ɗaya, jini ɗaya, gado ɗaya, amma hannuwa biyu kowanne ya bi hanyarsa.

An tsinke mini igiyar da allura, yatsan ya miƙe amma bai miƙe duka ba, kuma bayan shekara uku ya koma kusan inda yake. Likitan da ya yi mini aiki na biyu ya ce da na zo tun naɗin bai yi nisa ba da gaɓar ba ta ƙage haka ba. Saboda haka, ɗana Baban Khadija, ni ba na jin tsoron jira, abin da nake jin tsoro shi ne jiran da babu awo a cikinsa, domin cutar ba ta ciwo, kuma abin da ba ya ciwo ido kan saba da shi.

Likitar Hannu:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Labarinka ya ƙunshi abin da na fi dogara da shi a wajen aiki fiye da kowane jeri na alamomi, wato wane yatsa ne kuma wace gaɓa ce. Gaɓar gindin yatsa, inda yatsan ya haɗu da tafi, tana da haƙuri: ko ta daɗe a lanƙwashe, da zarar an saki igiyar takan miƙe, saboda yadda jijiyoyin da ke ɗaure da ita suke a miƙe yayin da take lanƙwashe. Gaɓar tsakiya ba haka take ba. Idan ta daɗe a naɗe, abubuwan da ke kewaye da ita kan gajarce su ƙage, jijiyar da ke miƙar da ita ta baya kuma ta saki, ta yadda ko an cire igiyar gaba ɗaya yatsan ba ya komawa daidai. Ƙaramin yatsa ne ya fi kowanne wannan matsala.

Alƙaluma ma sun nuna haka. A binciken da ya bi waɗanda aka yi wa allurar kolajinas, wadda ke narkar da igiyar kuma aka amince da ita a Amurka a 2010, naɗin ya dawo cikin shekara biyar a kashi 39 cikin 100 na gaɓoɓin gindi, amma a gaɓoɓin tsakiya ya kai kashi 66. Irin aikin da aka yi shi ma yana da tasiri. A gwajin da van Rijssen ta wallafa daga Holan a 2012, naɗin ya dawo cikin shekara biyar ga kimanin kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka tsinke wa igiya da allura, alhali kimanin kashi 21 ne ga waɗanda aka yi wa tiyata aka cire igiyar, kuma an ga cewa masu ƙarancin shekaru sun fi saurin dawowa. Wannan bai mai da allurar aikin banza ba, domin mutum kan koma harkokinsa cikin kwanaki kaɗan kuma ana iya maimaita ta, sai dai a shiga da sanin abin da zai iya biyo baya.

Baban Jafar:

Ni kuma inda nake da ja shi ne a kan tushen maganar. Abin da na sani shi ne wannan cuta ta mutanen arewacin Turai ce, har ana yi mata laƙabi da cutar Bikin, wato mayaƙan teku na dā na wancan yanki. Anya kuwa abin da ke hannun ɗan'uwanmu ita ce? Kafin a shiga lissafin inda za ta kai, ai ya kamata a tabbatar da cewa ita ce ɗin, domin akwai abubuwa da yawa da ke naɗe yatsu, kuma ban ga wanda ya tabbatar da abin da ya sami mahaifinsa ba.

Likitar Hannu:

Tambayarka tana kan hanya, Malam, kuma rabinta gaskiya ce. Cutar ta fi yawa ƙwarai ga masu asalin arewacin Turai. A wani bincike na bayanan tsofaffin sojojin Amurka da aka wallafa a 2000, an same ta ga mutum 734 cikin kowane 100,000 na farar fata, da kuma 130 cikin 100,000 na baƙar fata. Ke nan ta yi ƙaranci amma tana nan, kuma an rubuta rahotonta ga baƙaƙen fata a Afirka ta Kudu tun shekarun 1980, ana kuma ganinta a Japan. Abin da za a lura da shi shi ne kusan duk alƙaluman hasashe da na kawo a sama an samo su ne daga Turawa, don haka jagora ne kawai ga sauran jama'a.

Game da abubuwan da ke kama da ita, kowanne yana da alamarsa. Kanta tana saman fata kuma tana bin wurin gogayya. Maƙalewar jijiyar yatsa kan sa yatsa ya kulle idan an dunƙule hannu, sannan ya saki da ƙara idan an miƙe shi, abin da Dupuytren ba ta yi. Lalacewar jijiyar da ke bi ta gwiwar hannu, ko ta rauni ko ta kuturta, takan lanƙwasa yatsan zobe da ƙaramin yatsa, amma tana tafe da rashin ji da ramewar tsokar hannu, kuma a farkonta wani zai iya miƙar da yatsan da hannunsa. Ciwon sukari da ya daɗe kan sa gaɓoɓin yatsu duka su ƙage, fata ta yi kauri. Akwai kuma wani ƙari mai haɗari, ko da yake ba kasafai ake ganinsa ba, wanda kan fara kamar ƙullutu a hannun matasa, shi ya sa duk ƙullutun da ke girma da sauri ko ya fashe ya zama gyambo dole a ɗebi samfurinsa a duba. Ƙullutu mai tauri a ƙasan yatsan zobe, wanda ya manne da fata har tana lotsawa, ga mutumin da likita ya taɓa hannunsa ya duba, ya yi daidai da siffar Dupuytren.

Ɗalibin Likitanci:

Na karɓi gyara, ranki ya daɗe, kuma na gode. Amma har yanzu ina ganin ilimi ya wuce a ce sai dai a jira a gani. Binciken tagwaye da aka yi a Danmak a 2015 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na shirin kamuwa da cutar gado ne. A 2011 Dolmans da abokansa sun gano wurare tara a cikin ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ita, shida daga cikinsu a kan hanyar saƙo guda da ake kira Wnt, kuma a 2023 masu bincike a Suwidin sun kai adadin zuwa 61, har suka nuna cewa uku daga ciki an gaje su ne daga mutanen Niyandatal, wani jinsin mutanen dā da ya shuɗe. Idan gado ya kai haka ƙarfi, me zai hana a gwada jini a faɗa wa mutum matsayinsa? Ga kuma sikanin, wanda ke iya nuna ko ƙullutu cike yake da ƙwayoyi masu aiki ko ya riga ya zama busasshen tabo.

Likitar Hannu:

Duk abin da ka kawo haka yake, sai dai kashi 80 ɗin yana bayani ne a kan dalilin da ya sa wasu ke kamuwa wasu ba sa kamuwa a cikin jama'a, ba a kan saurin cutar a yatsa guda ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare na gado ɗan ƙaramin tasiri yake da shi, kuma babu gwajin jini da ake amfani da shi a asibiti don hasashen tafiyar cutar. Ka tuna da hannuwan Baba Dattijo: ƙwayoyin gadon da ke hannunsa na hagu su ne a na dama, amma ɗaya ya tsaya shekara 11 ɗaya ya naɗe cikin biyu.

Maganar sikanin kuwa ni kaina na sa rai a kanta, domin tunanin yana da ma'ana. Tun 1959 Luck ya kasa cutar mataki uku, na yawaitar ƙwayoyi, na tsukewa, da na saura inda igiya kawai ta rage, saboda haka ana zaton ƙullutun da ya fito baƙi a hoto, mai yawan ƙwayoyi, shi zai fi girma. Molenkamp da abokan aikinta a Groningen sun gwada wannan, suka tarar hoton yana nuna yawan ƙwayoyin da gaske, amma a rahotonsu na 2019 duhun ƙullutu bai faɗi wanda zai ƙara girma bayan shekara guda ba.

Maman Sadiq:

Assalamu alaikum. Ni aikina gashin hannu ne bayan tiyata, kuma ina son in koma kan maganar Baba ta jira da awo, domin a nan ne mai cutar yake da abin yi da kansa. Gwajin tebur da Hueston ya bayyana a 1982 yana da kyau don sauƙinsa, amma amsarsa e ce ko a'a, ba ya nuna tafiya. Abin da nake koya wa mutane shi ne su ware rana ɗaya duk bayan wata uku. A shimfiɗa hannu a kan tebur, tafi a ƙasa, a gwada tura takarda ƙarƙashin gindin yatsan, idan ta shige a gwada fensir. Sannan a juya hannun a zagaye ƙullutun da biro a kan fata, a ajiye rula a gefensa a ɗauki hoto, a kuma ɗauki wani hoton daga gefe bayan an miƙe yatsan iyakar miƙewarsa. A riƙa yi a wuri ɗaya, da haske iri ɗaya, a rubuta kwanan wata. Akwai alama ɗaya da takan riga naɗi zuwa, wadda mutane ba sa kula da ita: yawancinmu muna iya ɗaga yatsa sama daga tebur alhali tafin yana kwance, to idan yatsan zobe na hannu ɗaya ya daina ɗaguwa kamar ɗan'uwansa na ɗaya hannun, igiya ta fara ja ke nan.

A asibiti muna auna kowace gaɓa da ma'aunin kusurwa mu haɗa digirin da ya rage yatsa ya miƙe. A tsarin Tubiana, har zuwa digiri 45 mataki na ɗaya ne, zuwa 90 na biyu, zuwa 135 na uku, abin da ya haura haka na huɗu. Awo ɗaya ba ya faɗin kome game da gobe, amma awo uku ko huɗu a jere suna nuna ko cutar tana tsaye, tana rarrafe, ko tana gudu. Ita ma wannan ba tabbas ba ce, domin cutar takan yi tafiya ta tsaya ta sake tashi. Ina kuma roƙon Yaya Baban Khadija kada ya riƙa danne yatsan baya da ƙarfi da nufin hana shi naɗewa, domin ba a nuna cewa miƙar ƙarfi ko ɗaure yatsa na hana cutar ci gaba ba.

Baban Khadija:

Na gode muku duka, hankalina ya fara kwanciya. Amma, Likita, ki yi haƙuri in sake maimaita rabin tambayata na biyu. Idan ƙullutun shi ne tushen igiyar, me zai hana a yanke shi yanzu tun yana ƙarami a huta?

Likitar Hannu:

Dalili uku ne, Malam. Na farko, bisa alƙaluman da suka gabata, idan aka yi wa duk mai ƙullutu tiyata, mafi yawansu an yanka hannun da ba zai taɓa naɗewa ba ne, kuma tiyatar tafin hannu tana da haɗarinta, kamar taɓa jijiyar ji, ƙagewar yatsu da tabo mai ciwo. Na biyu, cutar ba a cikin ƙullutun kaɗai take ba, tana cikin shirin tantanin gaba ɗaya, don haka cire ɗaya ba ya hana wani fitowa a gefensa. Na uku, yanka rauni ne, kuma ƙwayoyin da ke haddasa cutar su ne masu amsa kiran rauni, sannan duk aikin da za a yi nan gaba ya fi wuya a cikin tabo. Shi ya sa aka saba jira har gaɓar gindi ta kai kimanin digiri 30, amma a gaɓar tsakiya ba a jira ta kai haka, da zarar ta fara lanƙwashewa kuma ana ganin tana ƙaruwa sai a fara maganar aiki.

Ana neman maganin matakin farko da gaske. A gwajin da Nanchahal ya jagoranta a Oxford, wanda aka wallafa a 2022, an raba mutum 140 gida biyu, aka yi wa rabi allurar adalimumab, wani maganin rage kumburi, a cikin ƙullutun sau huɗu, wata uku-uku, kuma bayan shekara guda ƙullutunsu ya fi laushi ya kuma fi ƙanƙancewa. Sai dai abin da aka auna tauri ne da girma, ba a bi su tsawon da zai nuna ko yatsu sun tsira daga naɗi ba. Haka ma gashi da haske irin na masu ciwon daji, wanda ake yi a wasu ƙasashe musamman Jamus: matsalar hujjarsa ita ce, tunda yawancin ƙullutu ba sa ci gaba ko ba a yi musu kome ba, duk maganin da aka ba su zai yi kama da mai aiki sai an gwada shi da rukunin da ba a ba su ba. Ka ga ke nan rashin iya hasashe shi ne kuma ke hana a san wanda ya cancanci maganin farko.

Abin da ke hannunka shi ne abubuwan da aka san suna da alaƙa da cutar: shan taba, yawan shan barasa, ciwon sukari, da daɗewa ana aiki da injuna masu girgiza hannu. Ina ba ka shawarar ka gwada sukarin jininka idan ba ka yi kwanan nan ba. Masu ciwon sukari sun fi kamuwa, ko da yake tasu takan zo da sauƙi, ta fi kama yatsan tsakiya da na zobe.

Baban Jafar:

Na gamsu da batun gano cutar, amma ban gamsu da yadda aka sallami ɗan'uwanmu ba. Daga bayanin Likita da na Baba, gaɓar tsakiya ba ta jira, kuma mutum bai cika lura da tafiyar abin da ba ya ciwo ba. Ashe ke nan cewa ya dawo ranar da hannu ya ƙi kwanciya bai wadatar ba ga mai shekara 46 da ya gaji cutar.

Likitar Hannu:

A nan ina tare da kai, kuma a nan ne ɗalibinmu ma yake da gaskiya tun farko. Ga dattijon da ƙullutu ya fito wa yana da shekara 70 kuma babu cutar a danginsa, gwajin tebur ya isa. Ga irin Malam kuwa, na fi son a sa masa ranar dawowa, a auna a rubuta, maimakon a bar masa hukuncin shi kaɗai. Malam, kafin nan ka duba mini abu uku: tafin hannunka na hagu, bayan gaɓoɓin tsakiya na yatsunka ko akwai kauri kamar ɗan matashi, da tafin ƙafarka wajen lotsawar tsakiya ko akwai ƙullutu, wanda ake kira cutar Ledderhose. Akwai kuma wata 'yar'uwarsu mai suna Peyronie da ke sa tauri da karkacewa a al'aurar namiji, wannan sai ka faɗa wa likitanka idan akwai.

Baban Khadija:

Na duba kamar yadda kika ce, Likita. Hannun hagu babu kome, ƙafafuwa ma haka. A bayan gaɓar tsakiya ta yatsan zobe na dama akwai ɗan kauri da ban taɓa kula da shi ba, yana motsi tare da fata kuma ba ya ciwo. Na bi bayanin Maman Sadiq: takarda ba ta shiga ƙarƙashin yatsan, ƙullutun ya kai milimita tara a tsaye da bakwai a kwance, amma da na gwada ɗaga yatsun daga tebur, na dama bai kai tsayin na hagu ba. Na ɗauki hotunan na rubuta kwanan wata.

Likitar Hannu:

Madalla, Malam. Wannan kaurin ka nuna wa likitanka ya taɓa da hannunsa, domin kanta ma takan fito a wurin, kuma idan ya tabbatar na cutar ne to alamominka sun zama huɗu cikin biyar, abin da zai shiga lissafi ranar da za a zaɓi irin aikin da ya dace da kai. Bambancin ɗagawar yatsan kuma ka sa a auna shi da ma'aunin kusurwa a rubuta a katinka, ya zama shi ne awonka na farko. Ka maimaita hotunan bayan wata uku, ka koma a duba ka bayan wata shida ko da hannun yana kwanciya, kuma idan ka ji igiya ta tsallaka gindin yatsan ta nufi gaɓar tsakiya, kada ka jira wata shidan su cika.